Kafin Mu Ce Tsufa Ne

Ƴaƴana samari da ƴan mata na Ƙonni da Malbaza da Illela, akwai kalmar da ke saurin fita daga bakinmu idan babban mutum ya soma mantuwa, ko hannunsa ya soma rawa, ko fushinsa ya yi kusa: sai mu ce tsufa ne. In shekarunsa ba su kai na tsufa ba, a ɗora wa iska, ko a ce an sa masa hannu. Sau da yawa tsufan ne da gaske. Amma wani lokaci abin da ke cin mutum yana cikin hayaƙin da ya shekara ashirin yana shaƙa a wurin neman abincinsa, kuma abu ne da ake iya aunawa, ake iya kauce masa. Cikin irin waɗannan abubuwa akwai wani ƙarfe da ake kira manganis, shi nake so mu ɗan zanta a kansa.

Kada sunan ya firgita ku. Manganis yana cikin ƙasar da muke takawa, yana cikin gero da dawa da wake da zogale, ganyen shayin da kuke dafawa a fada ma cike yake da shi. Jiki yana bukatarsa don ƙashi da sarrafa abinci, sai dai kaɗan ƙwarai, wajen miligiram 2 a yini ga baligi. Wanda ya shigo ta abinci ba ya da sauƙin yin ɓarna, domin hanji yana ɗaukar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ne kawai, sannan abin da aka ɗauka sai ya biya ta hanta, ita kuma ta tace, ta zubar da rarar ta cikin ruwan matsarmama. Ku ƴan bakin iyaka kun san bambancin kayan da suka bi ta duwan, wato kwastan, da waɗanda aka zagaya da su ta hanyar daji. Abinci yana bin duwan. Hayaƙi da ƙura kuwa zagaye suke yi: daga huhu su faɗa jini kai tsaye, wani ɓangare ma ya bi jijiyar sansanar wari daga hanci ya doshi ƙwaƙwalwa ba tare da hanta ta gan shi ba. In ya isa, yakan taru a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidaita motsin jiki, yake kuma da hannu a cikin natsuwa da saurin tunani.

Mutum biyu suna iya zama wuri ɗaya, rabonsu ya bambanta. Mai ƙarancin jini, wanda sinadarin ƙarfe ya yi wa kaɗan, jikinsa yakan ƙara zuƙar manganis, domin ƙofa ɗaya suke bi su biyun. Mai ciwon hanta kuma matatarsa ta raunana. Kun san yawan waɗannan larurori biyu a cikinmu, musamman ƙarancin jini ga mata.

Ba jiya aka gano wannan cuta ba. A 1837 wani likita mai suna John Couper ya ba da labarin mutum biyar masu niƙa dutsen manganis a wata masana'anta a birnin Gilasgo: ƙafafunsu sun yi rauni, muryarsu ta yi ƙasa, fuskarsu ta daskare. A 1955 likita Rodier ya rubuta bayanin mutum 150 daga cikin masu haƙar manganis a Maroko, ƴan uwanmu na Afirka, mafi yawansu masu huda dutse cikin ƙura. Ciwon yakan soma da kasala da rashin barci da saurin fushi, wasu su yi ta dariya ko kuka ba dalili, daga baya tafiya ta lalace, mutum ya riƙa taku da kan yatsu, in ya yi nufin ja da baya ya faɗi. Ku dubi waɗannan alamomi da kyau, ku tambayi kanku: da a ƙauyenmu suka bayyana, wurin wa za a fara kai mutumin? A Taiwan kuma an bi wasu ma'aikatan narkar da ƙarfe da suka kamu a shekarun 1980, aka tarar ciwon ya ci gaba da ƙaruwa shekara goma bayan sun bar wurin aikin. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. In ɓarnar ta yi nisa, barin aikin ba ya mayar da abin da ya tafi.

Irin wannan mai tsanani ya yi ƙaranci yanzu. Abin da masana suka fi bibiya a yau shi ne na ɓoye, wanda ba ya kwantar da mutum. A yankin Molango na ƙasar Meziko, inda ake haƙar manganis, an gwada manya 288 waɗanda ba ma'aikatan ma'adinin ba ne, maƙwabtaka kawai ta haɗa su da shi. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna waɗanda iskar ƙauyensu ta fi ɗauke da manganis sun fi samun rauni wajen tattara hankali. A garuruwan Marietta da East Liverpool na jihar Ohayo a Amurka an ga alaƙa tsakanin manganis na iska da raguwar iya riƙe abu a ka na ɗan lokaci. A Meyerton ta Afirka ta Kudu, kusa da babbar masana'antar narkar da shi, an tarar hannun mazauna garin ya fi nauyin motsi in an kwatanta da na wani gari mai nisa da hayaƙin. Bambancin ba babba ba ne, mafi yawan mutanen suna harkokinsu lafiya lau. Amma ku auna shi da rayuwarmu: dillalin albasa da ke riƙe lissafin buhu arba'in na mutum biyar a kansa, direban da ke bukatar ƙafarsa ta kai birki cikin ƙiftawar ido, tela da ke zura zare, mai haddar da ke tilawa. Ɗan ragi kaɗan a nan yana taɓa abincin gida.

To mu ina muke gamuwa da shi? Manyan ma'adinansa suna nesa da mu, a Kalahari ta Afirka ta Kudu, da Moanda ta Gabon, da Nsuta ta Gana. Na san wasunku za su ce ga masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960. Ƙurar siminti tana da nata sharrin, amma ga huhu da ido da fata aka fi saninta, kuma bai dace mu nuna wa kowa yatsa ba tare da awo ba. Wurin da na fi jin tsoro ya fi wannan kusa da ku, yana bakin titi.

Ku bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Tsarnawa, ku wuce Malbaza da Galmi, ko ku miƙe arewa zuwa Badagishiri, ku ƙirga rumfunan walda, waɗanda wasu ke kira sudur. Ƙofofi, tagogi, gadaje, amalanke, garma, gyaran tirela da tankar mai, duk daga hannunsu suke fitowa, kuma sana'a ce mai albarka da ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Sandar walda da ƙarfen da ake liƙawa duk suna da manganis a ciki. In wuta ta kama, wani ɓangarensa yakan ƙone ya tashi cikin wannan farin hayaƙi, ƙwayoyinsa ƙanana ne har suna isa ƙarshen huhu. A 2017 aka fitar da sakamakon bibiyar ma'aikata 886 masu hulɗa da walda a Amurka, aka ga alamomin taurin jiki da nauyin motsi suna ƙaruwa gwargwadon yawan hayaƙin da mutum ya tara a shekarunsa na aiki. Ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata ta can ta rage iyakar da take ba da shawara a 2013 zuwa miligiram 0.02 a cikin mita guda ta iska, tsawo da faɗi da zurfi. Wanda ya sunkuya da fuskarsa a kan hayaƙi cikin rumfar kwano yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Ɗana mai walda, na san abin da aka gaya maka ranar da ka fara koyo: in an tashi aiki ka sha madara, tana wanke hayaƙi. Sha madararka, abinci ce mai kyau. Amma ciki take zuwa, hayaƙin kuwa yana huhu, ba inda suke haɗuwa. Baƙin gilashi yana kare ido ne kaɗai. Rawani ko ƙyallen da kake naɗewa a hanci yana tare ƙurar hanya, wannan hayaƙi kuwa ratsa shi yake yi. Abin da zai amfane ka mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Fito da aikin sarari duk lokacin da ya yiwu. Dubi inda iska ke kaɗawa, ka tsaya ta yadda za ta ɗauke hayaƙin ta gefenka ta wuce da shi, kada ya biyo ta fuskarka. Ɗaga kanka daga saman wutar. In aiki ya kai ka cikin tanki ko kwantena ko ɗaki rufaffe, nan ne hatsarin ya ninka, kada ka shiga sai da abin da ke jan iska waje, ka riƙa fitowa kana hutawa. Ka nemi takunkumi mai matata irin wanda aka rubuta wa FFP2 ko N95, ya zauna daram a fuska, ka sauya shi in ya yi datti. Ka wanke hannu da fuska kafin cin abinci, kuma kada kwanon abincin ya yini a buɗe a gefen wurin aiki. Kai kuma maigidan rumfa, yaran da iyayensu suka kawo maka amana ne. Ɗan shekara goma sha biyu da ke riƙe maka ƙarfe, fuskarsa ta fi taka kusa da hayaƙin, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba. Ka matsar da shi.

Sai ku ƴan garka, masu albasar Galmi da tumatir da kabeji, daga kwarin Maggiya har gandayen noman rani na Ƙonni. Cikin magungunan da ake fesawa don ciwon ganye akwai wani gari mai launin ɗorawa da ake kira mankozeb, da ɗan uwansa maneb. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin sinadarin manganis ne. Tun 1988 likitoci a Barazil suka ba da rahoton alamomin ciwon jijiya ga manoman da suka daɗe suna fesa maneb ba kariya. Tarayyar Turai ta janye izinin mankozeb a 2021, ko da yake dalilinta na farko illarsa ga haihuwa ne. Ba na ce ku bar amfanin gonarku ya lalace ba. Na ce kada ku dama shi da hannu, kada ku fesa kuna fuskantar iska ko da tsakar rana, kada ku koma gida da rigar feshi ku ɗauki jariri, kada a mai da gwangwaninsa abin ɗiban ruwa. Ku nemi wanda ke da shaidar kwamitin magungunan feshi na ƙasashen Sahel, ku guji wanda aka ƙulla a leda ba suna ba bayani, ko da ya fi araha.

Batirin tocila da na rediyo, wanda muke kira pil, baƙin garin da ke cikinsa yawancinsa manganis ne. Kada yara su fasa shi, kada a shafa shi a allon makaranta, kada a ƙone shi cikin shara, kada kuma ya bi taki zuwa gona.

Maganar ruwa tana son natsuwa, don haka ku saurara da kyau. Duwatsun Adar jajaye ne saboda ƙarfen da ke cikinsu, kuma a ƙarƙashin ƙasa manganis yakan yi tafiya tare da ƙarfe, musamman a ruwa mai zurfi inda iska ba ta kaiwa. Ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, da ke fitowa garau, in ya kwana ya yi ja, wannan aikin ƙarfe ne. Baƙin datti a cikin tiyo ko gindin jarka, da ɗigon baƙi a farin tufafi bayan wanki, su ne suka fi nuna manganis. Sai dai ido ba ya yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakar wucin gadi ta miligiram 0.08 a lita guda tun 2021. A tonno mai lita 200 wannan bai wuce nauyin ƙwayar gero biyu ba. An sa iyakar ƙasa haka ne don kare jariran da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan, domin jikinsu bai iya zubar da rara ba tukuna. A Kebek ta Kanada, binciken yara 362 da ya fito a 2011 ya ga tazarar maki shida a gwajin basira tsakanin masu shan ruwan da ya fi manganis da masu shan wanda ya fi ƙarancinsa. Ga manya kuwa hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba: a Girka a 1989 an ga alamomin jijiya sun fi yawa ga dattawan da ke shan ruwa mai kusan miligiram 2 a lita, a Jamus kuma a 1995 ba a ga bambanci ba a inda adadin ya fi haka ƙasa. Na faɗa muku duka biyun don kada ku ƙara gishiri in kuna ba wasu labari.

Tafasa ruwa ba ya fitar da manganis, ruwan ne ke ƙafewa shi ya zauna. Tace shi da ƙyalle ma ba ya kama wanda ya narke. Ana rage shi ne ta hanyar shigar da iska cikin ruwan a bi da shi ta matatar yashi da aka gina don haka, kuma wannan aikin gari ne da ma'aikatan ruwa. Ina roƙonku, kada wani ya karanta wannan ya sa iyalinsa su bar foraj su koma ruwan tafki. Kwalara da zawo suna kisa cikin kwana biyu. A fara aunawa tukuna.

Mun ga abin da rashin awo ya jawo, kuma ba a nesa ba. A Tibiri ta jihar Maraɗi an haƙa rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, mutane suka yi murna da ruwa mai tsabta. Shekaru suka wuce ana ganin haƙoran yara suna sauya launi, ƙafafunsu suna lanƙwashewa, ana ta faɗin dalilai iri-iri, kafin awo ya nuna sinadarin fuluwo ne ya ninka iyakarsa. Ɗaruruwan yara suka tashi da naƙasa. A Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida, kuma gwajin jini da na ƙasa ne suka bayyana sanadin. Waɗannan ba manganis ba ne, amma a duka biyun kwalba ɗaya ta ruwa ko cokali ɗaya na ƙasa da aka kai ɗakin gwaji da wuri da sun sauya labarin.

Awon ruwa shi ne mafi sauƙi. Akwai ma'aikatar ruwa ta jiha a Tawa, akwai ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX a Yamai. Ana ɗiba a kwalbar da su masu gwajin suka bayar, a rubuta sunan rijiya da rana, a maimaita da rani da damina. In an ce muku an gwada ruwanku, ku tambaya cikin ladabi ko manganis da fuluwo suna cikin abin da aka duba, domin wani gwajin ƙwayoyin cuta kawai yake nema.

Awon jikin mutum ya fi wuya, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. Jini yana nuna abin da ya shiga kwanan nan ne, jiki kuma yana saurin daidaita shi. Mutum zai iya shekara ashirin cikin hayaƙi a gwada jininsa a ce lafiya lau. A binciken Molango ma awon iska ne ya nuna alaƙar, na jini bai nuna ba. Gashi yana riƙe labarin watanni, amma ƙura tana manne masa daga waje, sai an wanke shi ta hanya ta musamman. Farcen ƙafa yana ba da labarin abin da ya shiga jiki wata bakwai zuwa shekara guda da suka wuce. Hoton ƙwaƙwalwa na babbar na'ura yana iya nuna inda ya taru, sai dai tsada gare shi, kuma a manyan birane yake. Ita kuwa iskar wurin aiki, da wata ƴar na'ura ake auna ta, wadda ake maƙala wa ma'aikaci kusa da wuyan riga ya yini da ita.

Kun ji an ambaci gashi da farce, kun kuma san abin da ke ran mutanenmu game da su. Mun tashi muna ganin iyayenmu suna binne abin da suka yanke, kuma ba wanda zai miƙa farcensa ga baƙo don kawai ya zo da farar riga. Wannan ba jahilci ba ne, kula ce da mutuncin jiki. Duk ɗanmu da zai yi wannan aiki ya fara da gaisuwa a ƙofar sarki da limami, ya yi bayani da Hausa ba ɓoye-ɓoye: ga abin da za a ɗauka, ga inda za a kai shi, ga yadda za a yi da ragowar. Wanda ya ƙi a bar shi da mutuncinsa. Wanda ya yarda a dawo masa da sakamakonsa har gida. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa su ɗiba su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu.

Haka ma awon hankalin kansa. Yadda ake yi shi ne a karanta wa mutum jerin lambobi ya maimaita, sannan ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko, ko a ba shi ƴan ƙusoshi ya jera cikin ramuka ana duba agogo, ko a nuna masa zane ya sake shi da ka. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne don wanda ya zauna a aji ya saba da alƙalami da Faransanci ko Turanci. Ka ɗauko dattijon da ya haddace Alƙur'ani, ya san bashin kowa a kasuwar Ƙonni da ka, ka ba shi fensir ya zana akwati, sai takarda ta ce hankalinsa ya ragu alhali gwajin ne bai san shi ba. Kuma kafin a ce manganis ne, sai an cire hannun shekaru, da hawan jini, da dalma, da rashin barci, da ƙwayoyin da wasu matasa ke sha don ƙarfin aiki. Ku da ke karatu a jami'ar Tawa, ko Abdu Mumuni a Yamai, ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga aikin da ke jiran mai jin Hausar Adar: ku daidaita waɗannan gwaje-gwaje da harshenmu da rayuwarmu, ku kwatanta mai walda da ɗan uwansa tela ko manomi masu shekaru ɗaya da karatu ɗaya.

In kuma akwai wani a gidanku da ya daɗe a walda ko feshi, kuka ga tafiyarsa ta yi nauyi, rubutunsa ya ƙanƙance, maganarsa ta yi ƙasa, ko halinsa ya sauya, kada ku yi masa dariya, kada ku yi fushi da fushinsa. Ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi likita, ko na Ƙonni, ko Galmi, ko Tawa. Ku gaya wa mai duba shi sana'ar da yake yi da shekarun da ya yi a cikinta, ko da ba a tambaye ku ba, domin ciwon yana kama da wanda ake kira Fakinsan, amma maganin wancan bai cika yi masa aiki ba, kuma matakin farko shi ne raba shi da hayaƙin.

Ƴaƴana, cikin makon nan ku je wurin masu kula da foraj ɗin unguwarku ku nemi ganin takardar gwajin ruwansa. In babu, ku haɗu ku rubuta wa hukumar gari ku roƙi a yi. Wanda ke da ƙane a rumfar walda kuma ya saya masa takunkumi mai matata kafin kasuwa ta zagayo.